Ɗana ya ƙwallafa rai sai ya koma Kura hutun damina, in bar shi?

Uwar Uku, Kaduna

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, amma sai na ɗan ba ku labari kafin ku gane inda tambayar ta dosa.

A Kaduna muke zaune. Yarana uku, babban namiji ne ɗan shekara 11, sai ƙannensa mata, mai 8 da mai 5, duk a nan aka haife su. Hutun Disamban da ya wuce maigida ya ce mu shirya mu je wajen amininsa a wani ƙauye kusa da Kura ta jihar Kano. Tare suka yi makarantar kwana. Shi aminin ya koma gida ya riƙe gonar mahaifinsa, namu kuma ya kama aikin gwamnati. Shekara da shekaru shi ke zuwa mana, kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, ko shinkafa ko albasa, mu kuwa ko sau ɗaya ba mu taka ƙafa gidansa da yara ba. Abin ya daɗe yana damuna.

Bayan asuba muka kama hanya ta Zariya. Har muka wuce Kwanar Dangora ba abin da ake gani sai hazo da busasshiyar ƙasa da karan dawa. Muna dosar Kwanar Gafan sai ga kore shar dama da hagu, a tsakiyar hunturu, ga kwandunan tumatir jere a bakin titi. Yaran da suke ta rigima a baya duk suka yi tsit suka manne da gilashi.

Kwana huɗu muka yi. Rana ta biyu da hantsi, da sanyi ya ɗan saki, Baffan yara (haka suke kiransa) ya ce kowa ya sa takalmi mai rufi, za mu zaga gona da ƙafa. Muka bi wani burtali tsakanin gonakin tudu da aka riga aka girbe, an tattara kara an jingine. A nan ta tsakiyar ta lura da abin da ni ban lura da shi ba. Kuka ta zubar da ganyenta tas, amma ga wata bishiya kusa da ita lif da ganye, shanun Fulani sun taru a gindinta suna tsintar 'ya'yanta. Baffa ya ce gawo ke nan, shi da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi sabo, shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa shuka rana, ga takin ganyensa, ga na dabbobin da ke kwana a inuwarsa. Ya sa ta duba tushiyoyin dawar da ke ƙarƙashin gawon, duk sun fi na nesa kauri.

Daga nan muka hau gaɓar kanal. Babban nawa ya nuna wani fili kore kamar an shimfiɗa darduma, ya ce, "Baffa, wannan ciyawar ta dabbobi ce?" Baffa ya tsuguna ya shafa ta ya ce, "Gurasar da ka ci da safe ce, alkama ke nan." Yaron ya daɗe yana kallonta bai ce komai ba. Ni ma a Tudun Wadan Zariya na tashi, na tuƙa alkaki na soya funkaso ba adadi, amma ranar na fara ganin alkama tsaye a gona. Baffa ya ce sai da sanyi take yi, a shuka ta wajen Nuwamba a girbe wajen Maris, in zafi ya riske ta tana fitar da kai to an yi asara.

Abin da ya tafi da hankalin yaron shi ne ban ruwa. Ba inji, ba ƙara, ba mai. Wani matashi ya ɗauki lanƙwasasshen bututun roba ya nutsa shi cikin ƙaramin kanal har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ja shi da sauri ya tsallakar da gaɓa ya saki, sai ga ruwa yana bulbulowa cikin fangali da kansa. Ɗana ya cire rigar sanyi ya ce zai gwada. Sau shida iska tana shiga, ruwan ya ƙi zuwa, hannunsa har yana rawa don sanyi. A na bakwai ya kama. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da ya zo na ɗaya a aji. Ya bi ruwan da gudu yana kallon yadda yake cika kwami ɗaya, a buɗe masa da fartanya ya wuce na gaba, balbelu suna biye suna tsintar ƙwarin da ruwa ya koro. Har la'asar da ƙyar aka raba shi da wurin. Autar kuwa tuni ta yi barci a kafaɗar Baffa, hannunta yana ƙanshin ganyen tumatir.

Tun da muka dawo ya dasa albasa da tumatir a bokitan fenti a bayan gida, kullum sai ya ba su ruwa kafin ya tafi makaranta. Yanzu kuma ya ƙwallafa rai a kai shi can dogon hutu, shi kaɗai, sati shida. Baffa ya ce a kawo shi, ai ɗansa ne. Maigida nan take ya amince. Ni ce zuciyata ta ƙi kwanciya. Da idona na ga yaran ƙauyen suna tsunduma cikin kanal, ga sauro, ga maciji, ga karatun Islamiyya da zai tsaya. Sannan uwargidan Baffa yaranta shida, ga sana'ar turara shinkafa da take yi tun asuba a rabin duro, kada mu ƙara mata nauyi ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Don Allah waɗanda suka san yankin ko suka taɓa tura yaro irin wannan hutu, me kuka gani?

Manomin Rani, Bunkure

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ɗan yankin ne, ruwan da ya cika wa ɗanki fangali shi muke sha a nan, daga Tiga yake gangarowa ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura. Ra'ayina ki bar shi ya zo. Amma ki sani Kuran da ya gani a Disamba daban, ta Agusta daban.

Lokacin da kuka zo lokacin hutu ne ga ƙasa, hanya busasshiya, ba sauro, ba ciyawa. A Agusta taɓo ne har ƙauri. Alkamar da ya gani babu ita, shinkafa ce ta maye wurin, bututun nan ma da wuya ya ga ana taɓa shi sai in ruwan sama ya yi fashi. Aikin lokacin shi ne cirar ciyawa cikin shinkafa a duƙe, da watsa taki, da gyaran kunya inda ruwa ya fasa. Aiki ne mai cin baya. Idan yaron ya jure sati ɗaya a haka bai ce a mai da shi gida ba, to son noman nasa na gaske ne. Daɗin da zai samu kuma shi ne ɗanyar masara a gasa ta nan bakin gona, da tumu in gero ya fara nuna, da gyaɗa ɗanya in hutun ya kai shi farkon Satumba. Yaron birni bai san tumu ba, ki bari ya murje shi da hannunsa ya hure ƙaiƙayin.

Abu biyu zan ja miki kunne a kai, kuma ki faɗa wa Baffan nasa baki da baki, kada ki ji nauyi. Na farko babban kanal. Ƙananan da ke shiga gonaki ba su wuce gwiwa ba, amma babban gefensa siminti ne mai gangara, gansakuka ta lulluɓe shi, ruwan a ido kamar a kwance yake alhali ƙarƙashinsa ja yake yi. Wanda ya iya iyo ma in ya faɗa ba shi da abin kamawa. Mu da muka tashi a nan mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda shi. Yaranmu sun san inda ake shiga da inda ba a shiga, baƙo kuwa bin su kawai zai yi don kada a ce masa matsoraci.

Na biyu feshi. Ranar da ake fesa maganin ciyawa ko na ƙwari kada ya je gonar, kada kuma a ba shi jarkar ya ɗauka ko ya wanke. Ki saya masa takalmin roba dogo, da hular malafa. Sannan ki roƙi mutanen gidan kada su mai da shi baƙo. In ana ware masa kwano ana hana shi ɗaukar fartanya, zaman banza zai yi, zaman banzan kuma shi ke kai yaro bakin kanal.

Ma'aikaciyar Lafiya

'Yar'uwa, ni ta fannin aikina zan yi magana. Ko ƙaramin kanal ɗin da ba ya cin mutum yana da nasa haɗarin, wato tsargiya. Ƙananan dodon koɗi da ke zama cikin ruwa mai tafiya a hankali, musamman inda ciyawa ta yi yawa, su ke ɗauke da ƙwayar. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga yayin wanka ko wanki ko tsayawa a ciki. Kuma ba ta nuna kanta da wuri. Yaro zai dawo gida lafiya lau, sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari. Yara maza da yawa ɓoyewa suke yi don kunya, a wasu ƙauyukan ma har ana ɗaukar abin alamar girma ce, alhali cuta ce mai lalata mafitsara in ta daɗe.

Tunda kin ce ya sa hannu cikin ruwan a Disamba, ki zaunar da shi ki tambaye shi cikin hikima, ko mahaifinsa ya tambaye shi. In ya je ya dawo, bayan wata biyu zuwa uku ki kai fitsarinsa a gwada ko da bai yi ƙorafin komai ba. Maganin yana nan, firazikwantal, da awon nauyi ko tsayin yaro ake bayarwa, shi ake raba wa 'yan makaranta a wuraren da cutar ta yi yawa.

Gidan sauro mai magani ki haɗa shi da nasa, ki kuma ƙara biyu ko uku saboda yaran gidan, domin Agusta da Satumba ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro, ga shinkafa kewaye da gari. In jikinsa ya yi zafi a gwada jini a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Maciji kuma, Allah ya kiyaye, in tsautsayi ya faɗa ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ki tambayi Baffan tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar dafin maciji, da wanda zai kai shi in dare ne. Ban ce kada ya je ba.

Inna Mai Ƙosai

Ni kam ban goyi bayan sati shida ba, kuma zan faɗi dalilina domin ni ce irin uwargidan da kike magana. A ƙauye nake aure, kowane dogon hutu 'yan'uwan maigida na birni sai sun turo mana yara. Namiji shi ke cewa "a kawo shi, ai ɗana ne," da gaske kuma yake har zuciyarsa. Amma ba shi zai tashi tsakar dare ba in yaron ya yi amai, ba shi zai san cewa yaron ba ya cin tuwon dawa miyar kuka ba, ba shi zai wanke kayan taɓo kullum ba. Kuma Agusta wata ne mai wuya a gidan manomi. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi taki da 'yan ƙwadago. Kin gan su a Disamba da kaka a hannu, komai a wadace.

Wata shekara an kawo mini yaro ɗan shekara 10, ya yi zazzaɓi kwana uku, ban runtsa ba, tsoron da na ji ya fi wanda nake ji a kan nawa, don amana ce. Uwarsa ko waya ba ta yi mini ba sai ta wajen maigida nake jin saƙonta. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Don haka ki kira matar nan ke da ita, ba ta bakin maza ba. Ki tambaye ta wane lokaci ya fi mata sauƙi. Ki kai shi da kanki, ki kwana biyu, ki ga inda zai kwanta. Kada ki ba su kuɗi a hannu, za su ji kamar kin biya su ne, mai gidan ma zai iya yin fushi. Ki kai abin da ake saye da kuɗi a ƙauye: man girki, sukari, sabulu, omo, ganyen shayi, madara, atamfa ga uwargida, takalma ga yaranta. Sannan in an yi hutun Disamba ki karɓo nata biyu su zo Kaduna su ma su ga gari. Sati biyu ko uku ya isa karon farko.

Tsohon Malami, Kano

'Yata, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Labarin bututun ya mai da ni baya. Lokacin da nake kamarsa babu kanal ko ɗaya a yankin Kura. Mai lambu a bakin rafi da jigo yake ban ruwa, doguwar sanda da guga a gaba da dunƙulen laka a baya, ya wuni yana ja yana juyewa don 'yan kwamin albasa da ba su fi tabarma goma ba. In kaka ta wuce samari sai su tafi cin rani. Muna makarantar horon malamai aka yi farin 1973, mun ga mutane da dabbobi suna gangarowa daga arewa ba abin da suka tsira da shi. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Kano daga 1967 zuwa 1975, aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974. Shi ne kuma ya yi ta Bagauda. Daga baya aikin ya koma hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Saboda Tiga ta fi gonakin tudu, ruwan da ƙafarsa yake zuwa, abin da ya sa ɗanki bai ji ƙarar inji ba ke nan.

In ya je, ki roƙi Baffansa ya ɗauke shi rana ɗaya ya kai shi ya ga madatsar da idonsa, ya san daga ina ruwan ya taso. Ya kuma gaya masa inda ruwan yake zuwa bayan ya bar su, domin Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, kuma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun ga canji tun da aka tare ruwan a sama. Ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa da yawa. Yaron da zai so noma ya kamata ya san akwai mai jiran ruwan a ƙasa da shi.

Kura kuma ba da shinkafa ta fara suna ba. Garin marina ne da mabuga. Turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, baƙin nan mai sheƙi da ke barin shuni a fata, daga Kura ake kai musu shi har Agadas. A kai shi ya ji ƙarar bugu. Batun Islamiyya kuwa kada ya dame ki, ba ƙauyen da za a rasa makarantar allo a ƙasar Kano. Ki haɗa shi da allonsa ko Alƙur'aninsa, ya zauna da yaran gidan da asuba da bayan magariba, ki gaya wa malamin inda ya tsaya.

Uwar Uku, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Inna, maganarki ta shige ni, domin ban taɓa tunanin Agusta ta fuskar rumbu ba. Jiya da daddare na kira Yaya, uwargidan Baffa, muka fi rabin awa. Da farko cewa take ba komai, ba komai. Da na matsa sai ta ce in da hali a bari sai tsakiyar Agusta, lokacin an gama dashe kuma masara ta fara shigowa, kuma ɗanta na biyu sa'ansa ne, ɗaki ɗaya za su kwana. Ta ce ita ma kanal ɗin ne fargabarta, nata ma sai ta yi da gaske.

Mun tsaya a kan sati uku. Ni zan kai shi, in kwana uku tare da ƙannensa, mahaifinsa ya je ɗauko shi. Mun yi magana da yaron, na gaya masa sharaɗin ruwa a gaban babansa, ya ce ya ji, na kuma ce sai ya maimaita a gaban Baffa. Gwajin fitsarin ma za mu yi wannan satin saboda na Disamba, na gode Malama. Baba, saƙonka na Tiga ya isa, har ya sa an nuna masa ita a taswira.

Malam Manomi, tambaya ɗaya daga mai gonar bokiti. Albasarsa bakin ganyen yana yin ɗorawa yana laushi, tumatirin kuma yana fure amma furen zubewa yake yi ba ya ɗaura ɗa. Yana tsaye a kaina yana jiran amsa.

Manomin Rani, Bunkure

Ki ce masa ya ɗaga bokitin albasar ya duba ƙasansa. In ba huda, ruwa ne ya kwanta a gindi, ya sa ƙusa ya huda wuri biyar ko shida, ya daina ba ta kullum, sai ya tura yatsa ya ji ƙasar ta sha iska. In ganyen ya kwanta da kansa daga wuya to ta ƙosa, ya ɗauke ruwa gaba ɗaya kwana bakwai sannan ya cire ya shanya a inuwa.

Tumatir kuwa zafi ne. Da an shiga Maris haka yake mana a nan ma, fure ya bushe ya faɗi. Ya matsar da bokitin inda zai sami ranar safe kawai, ya rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ban ruwa da yamma. Abin da ya ɗauru ya ɗauru. In ya zo a Agusta ya ce Baffansa ya nuna masa yadda ake yafa iri a rainar tumatir, sai ya koma da nasa dashen Kaduna ya sa a Oktoba.